Jiyyar Masu Ciwon Damuwa Tsakanin Mutum da Kwamfuta

Jiyya ta hanyar tattaunawa ita ce zaman da masanin halayyar ɗan Adam kan yi da mai ciwon damuwa, ya saurare shi, sannan ya taimaka masa wajen gyara tunanin da ke wahalar da shi. Tun da kwamfuta ta fara sarrafa harshe masana ke muhawara a kan ko za ta iya wannan aiki.

A shekarar 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT da ke Amurka ya ƙirƙiro manhajar ELIZA. Ba ta fahimtar komai. Maganar mutum kawai take juyawa ta mayar masa da ita a matsayin tambaya, bisa salon jiyya na Carl Rogers. Duk da haka mutane suka riƙa fayyace mata sirrinsu, har sakatariyarsa ta taɓa roƙon ya ba ta wuri ta gana da na'urar. Wannan ya tayar masa da hankali, ya koma yana gargaɗi a kan damƙa wa na'ura irin wannan amana.

Ba a ce kwamfuta ba ta da rana ba. A shekarar 2006 hukumar NICE ta Ingila ta amince da manhajar Beating the Blues ga waɗanda damuwarsu ba ta tsananta ba. Darussa ne tsararru, kuma na'ura ba ta gajiya, ba ta barci, ba a kuma jin kunyarta.

Sai dai sana'ar jiyya ba a iya magana ta tsaya ba. Ƙwararre yana da horo da lasisi, kuma akwai hukumar da za ta ƙwace lasisin idan ya ci amana. Wajibi ne ya riƙe sirri, ya san iyakar iliminsa, ya tura majinyaci gaba idan abin ya fi ƙarfinsa. Haka nan, a shari'ar Tarasoff ta 1976 kotun ƙolin Kalifoniya ta ɗora masa nauyin kare duk wanda majinyacinsa ke shirin cutarwa. Wato akwai lokacin da ceton rai ke rinjayar riƙon sirri, kuma gane wannan lokaci aikin hankali ne, wanda ke karanta shiru da rawar murya.

Na'ura fa, wa za a tuhuma idan ta yi kuskure? A shekarar 2023 ƙungiyar NEDA ta Amurka ta dakatar da manhajar Tessa bayan ta shawarci masu larurar ƙin cin abinci su rage ƙiba, shawarar da ka iya halaka su. Ba ta da lasisin da za a ƙwace. A shekarar 2025 jihar Illinois ta kafa dokar da ta haramta wa irin waɗannan manhajoji yin jiyya da kansu, ta bar aikin a hannun masu lasisi.