Kula da Giyabos ɗin Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara

A Kanada da jihohin arewacin Amurka irin su Minesota da Wiskonsin da Mishigan, dusar ƙanƙara kan rufe hanyar gida cikin dare ɗaya, mota ta kasa fita sai an kwashe. Arthur Sicard, mutumin lardin Kubek, shi ya ƙera injin da ke kwasarta yana watsawa gefe a 1925, ya kuma sayar wa garin Outremont, wanda yanzu yake cikin Montriyal, a 1927. A yau mai gida da ke da faffaɗan fili yakan ɗaura ƙaramin irinsa a gaban ƙaramar taraktar da yake yanke ciyawa da ita, irin ta John Deere ko Cub Cadet ko Simplicity.

Yawancin waɗannan injuna aiki biyu suke yi. Wani murɗaɗɗen ƙarfe a gaba yana tattaro ƙanƙarar zuwa tsakiya, fanka kuma ta wurga ta waje ta bututu. Fankar na gudu da sauri, murɗaɗɗen ƙarfen kuwa a hankali amma da ƙarfi. Ɗan giyabos da ke tsakiyarsu shi ke rage gudun ya karkatar da juyin. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai zare da ke tura haƙoran giya ta tagulla. Haƙoran nan goga juna suke yi, don haka zafi da zaizaya sun yi yawa. Da mai ya ƙare, tagullar ce ke fara cinyewa, domin ta fi ƙarfe laushi.

Ba kowane mai ake zuba masa ba. Wasu kamfanoni sun ce a sa man giya irin SAE 80W-90, wasu kuma giris mai ruwa-ruwa mai lamba NLGI 00. Giris mai kauri ba ya amfani a nan: sanyi na daskarar da shi, giya ta ture shi gefe, haƙora su ci gaba da juyawa a bushe. Haka nan wasu nau'o'in man GL-5 suna ɗauke da sinadarin kibiritu mai cin tagulla idan ya yi zafi, shi ya sa makanikai da dama suka fi son GL-4 ko man da aka rubuta cewa bai cutar da tagulla. Littafin da ya zo da injin shi ne alƙali. Wajen dubawa, a ajiye injin a daidaitaccen wuri, a goge kewayen murfin kafin a kwance, a zuba gwargwadon da littafin ya faɗa. Cikawa fal na tura mai ya ɓalle ta robar da ke tare shi.

Babban abokin gaba shi ne ruwa. Ƙanƙara na narkewa a jikin injin, ga gishirin da hukumomi ke watsawa a tituna, wanda ke gaggauta tsatsa. Idan aka ga mai ya koma fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga; a tsiyaye shi, a canza robar, a zuba sabo. Ɗigon mai a ƙarƙashin injin ma alama ce da ba a ɗaga mata ƙafa.

Akwai kuma ƙusoshin da ke riƙe murɗaɗɗen ƙarfen a kan sandarsa. Da gangan aka yi su marasa ƙarfi, don idan injin ya haɗiyi dutse ko daskararriyar jarida, su karye, giyabos ya tsira. Mutane kan yi kuskure biyu a nan. Wani ya gaji da sauya su ya ɗaura ƙusa mai tauri, sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa haƙoran tagulla. Wani kuma ya bar tsatsa ta manne ƙarfen da sandar, ƙusar ta zama ba ta da amfani ko da ta asali ce. Maganin shi ne a cire ƙusoshin sau ɗaya a shekara, a tura giris, a juya ƙarfen da hannu har ya sake.

Kafin a taɓa komai, a kashe tarakta, a zare makulli. Idan bututu ya toshe, da sanda ake tsokale shi, domin fanka kan zabura ko bayan an kashe injin, kuma mutane da yawa sun rasa yatsu ta haka.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan hidima shi ne ƙarshen hunturu, kafin a ajiye injin. Ruwa da gishirin da aka bari a cikinsa watanni da dama su ne ke ɓata shi a ɓoye, mai shi bai sani ba sai ranar da ƙanƙarar farko ta sauka.