Kiɗan Casu: Yaushe Zai Sauka Daga Karaga?

Mai son sanin waƙar da ke tashe a Gombe ba sai ya jira wani jadawali daga Legas ba. Ya ratsa unguwar Madaki da yammacin Asabar, lokacin yinin biki, ya saurari wadda DJ yake ta maimaitawa saboda mata sun ƙi komawa kujerunsu. Ko ya tsaya a rumfar masu cajin waya da tura waƙoƙi, ko ya hau keke napep zuwa Pantami ko Jekadafari. Kusan abu guda zai ji ko'ina: ganga mai sauri da aka haɗa a kwamfuta, muryar da na'ura ta goge, da gajeren amshi wanda yaro zai haddace a ji ɗaya. Dattawa suna cewa hayaniya ce, za ta wuce. Matasa kuwa gani suke an zo ke nan. Abin da ya faru da waƙar Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990 bai gaskata kowane ɓangare gaba ɗaya ba.

A watan Yunin 1999 Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. A shekarar ce kuma kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda Fati Muhammad ta fito a ciki tare da Ali Nuhu, jarumin da mahaifinsa ɗan Balanga ne ta jihar Gombe. Waƙar fim ɗin ta karaɗe Arewa, daga nan masu shirya fim suka gane inda kuɗi yake. Kafin lokacin, wanda zai yi shagali sai ya ɗauko makaɗa da 'yan amshi da maroƙa, ya ciyar da su, ya sallame su. Kalangu, kotso, kukuma da kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, kowanne da gwaninsa da ya shekara yana koyo. Sai ga fiyanon Yamaha, wanda yaro ɗaya a ƙaramin ɗaki zai fitar da sautin ganga da sarewa da goge daga cikinsa. Araha ta haɗu da kunnen da ya daɗe da sabawa da finafinan Indiya, aka samu waƙoƙin nanaye. Har ta kai dillalan Ƙofar Wambai da Bata sukan duba waƙoƙin fim kafin su tambayi labarinsa.

An gwada murƙushe abin da doka. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta gindaya sharuɗɗa kan rawar maza da mata. A 2007 aka ƙara matsawa a zamanin shugabanta Abubakar Rabo Abdulkarim, har aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau kan bidiyon da ta yi da mawaƙi ClassiQ. Duk wannan bai sa an daina rawa ba.

Abin da hukuma ta kasa, kasuwa ce ta yi shi ba tare da surutu ba. Satar fasaha da wayar hannu suka kashe cinikin faifan CD. Tashar Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan a 2020 Labarina da Izzar So suka tabbatar da zamanin fim mai dogon zango. Mai kallon da ya ƙagu ya ga yadda za ta kaya a mako mai zuwa ba ya son a tsayar masa da labari don saurayi da budurwa su sauya kaya sau huɗu a cikin lambu. Ke nan waƙar rawa ta fim, wadda a da ake ganin ba mai ture ta, ta riga ta sauka. Mawaƙanta ne ba su sauka ba. Irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef dama sun fara fitar da kundin kansu, saura suka bi, aka koma YouTube.

Sabon mulkin na waya ne. A 2020, ana tsakiyar kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta tashi saboda matan aure da suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har a kan mumbari. A 2022 Ado Gwanja ya biyo da Warr da Chass. TikTok ba ya neman waƙa sukutum, 'yan daƙiƙu kawai yake so waɗanda za a iya yi wa rawa, kuma mawaƙa sun fahimci haka, shi ya sa amshi yake zuwa da wuri, baituka suke raguwa. Illar ita ce waƙar da ta tashi da sauri haka take faɗuwa. Wadda ta cika gari a ƙaramar Sallah, kafin babbar Sallah an fara kiranta tsohon yayi, alhali Bakandamiyar Shata har gobe gidajen rediyo suna sa ta.

Ba a nan kaɗai ake wannan juyi ba. A Amurka, kiɗan disko ya mamaye ƙarshen shekarun 1970, har ranar 12 ga Yulin 1979 masu ƙinsa suka tarwatsa tulin faya-fayansa a wani filin wasa na Chicago. Kasuwarsa ta faɗi, amma cikin 'yan shekaru, a birnin dai, aka ƙirƙiro kiɗan rawa na house daga burbushinsa. Wajen 2009 zuwa 2012 kiɗan rawa irin na Lady Gaga da Rihanna ya sake cika rediyo, zuwa 2017 hip-hop da R&B suka zama abin da Amurkawa suka fi saurare, a 2020 kuma Dua Lipa ta dawo da salon disko ta yi kasuwa. A kudancin Najeriya ma, amapiano na Afirka ta Kudu ya shigo ya sauya gangar Afrobeats, musamman ta hannun Asake a 2022.

Sai dai akwai dalilin da ya sa kiɗan casu ya fi kafuwa a Arewa: wa ke biyan mawaƙi? Yawancin masu sauraro a Gombe turo musu waƙa ake yi daga waya zuwa waya, ko sisi ba ya isa ga mai ita. Abincinsa yana wuri biyu. Na farko biki: waƙar amarya da ango, a ambaci uwa da gwaggo da ƙawaye, a zo kamu ko dina a yi liƙi. Na biyu siyasa, inda Dauda Kahutu Rarara ya nuna yawan arzikin da ke ciki, daga Masu Gudu Su Gudu a zaɓen 2015 zuwa waƙoƙin Tinubu a 2023. Uwar biki da ɗan takara duk abu ɗaya suke saye, wato kiɗan da zai tayar da mutane tsaye. Hatta sha'irai da yawa masu bege sun ajiye mandiri sun kama fiyano. Wata guda ne kasuwar take lafawa, da azumi, lokacin da tafsiri da karatun Alƙur'ani ke karɓe lasifikokin gari.

Alamun gundura kuwa akwai su. Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, ya yi suna da salon fada da gangunan gargajiya. Aminu Ala yana da masu bin sa don kalmomi, ba don rawa ba. DJ AB da takwarorinsa sun buɗe wa hip-hop na Hausa ƙofa, ga kuma waƙoƙin soyayya masu sanyi da matasa ke ji su kaɗai da abin kunne. Shi kansa Gwanja, in aka saurara da kyau, daga rijiyar kiɗan mata irin amadar Barmani Choge yake ɗiba. Abin da ya fi kusa da gushewa shi ne wannan sauti na fiyano mai araha da muryar na'ura, tare da sunaye da dama da ke tashe yau. Casu kansa zai zauna muddin biki da kamfen ne ke ciyar da mawaƙi.

Gombe tana da abin da situdiyon Kano ba su da shi: kiɗan Tera, Tangale, Waja, Bolewa da Fulani, duk a jiha ɗaya. Gidajen rediyon jihar da matasan da ke haɗa kiɗa a kwamfuta su je su naɗi waɗannan makaɗa tun suna raye.