Yadda Ake Haɗa Gilashin Maleji a Ƙananan Motocin Kwaikwayo

Motar kwaikwayo ƙaramar mota ce da ake ƙerawa bisa awon ta gaske, a rage kowane sashe da ma'auni ɗaya. Ma'aunan da suka fi yaɗuwa su ne kashi 1 cikin 18, da 1 cikin 24, da 1 cikin 43. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suna sayar da sassan roba da mutum zai harhaɗa da kansa. A ƙasar Hausa kuwa yara sun daɗe suna yin motar kara da ta langalanga, haka ma a Yawunde, inda yaran unguwanni irin su Tsinga da Briqueterie, matattarar Hausawan birnin, ke amfani da waya da gwangwanin kifi. Abin da kan bambanta aikin gwani da na ɗan koyo shi ne ƙananan sassa, musamman gilashin da ke rufe maleji da gejin mai.

Aikin yana farawa da lissafi. Idan faɗin malejin gaske santimita 10 ne, a ma'aunin 1 cikin 24 zai koma milimita 4 da ɗoriya, kamar ƙwayar dawa. A 1 cikin 18 zai kusa milimita 6, a 1 cikin 43 kuwa da ƙyar ya wuce 2. Fuskar malejin, wato lambobi da allura, ana zana ta ko a buga ta a takarda, a liƙa a gurbinta, a bar ta ta bushe sarai kafin a ɗora komai a kai.

Hanya ta farko ita ce yanko gilashin daga roba mai garai-garai. Gorar ruwan sha da robar da ake rufe batir a kanti duk suna yi, muddin an zaɓi wurin da ba shi da ƙarzuwa. Almakashi ba ya fitar da da'ira mai kyau a wannan ƙanƙanta, don haka ake amfani da abin huda. Na takardun ofis yana fitar da kimanin milimita 6, daidai da ma'aunin 1 cikin 18. Ƙarfen huda fata na dukawa da masu gyaran takalma yana da baki iri-iri, kuma ba ya wuyar samu wajen masu sana'a a Briqueterie ko kasuwar Mokolo.

Hanya ta biyu ita ce ɗiga ruwa mai daskarewa a kan fuskar malejin da tsinken sakace. Ɗigon kan tattaru ya yi ɗan tudu, ya ɗauki haske irin na gilashi. Farin gam na kafintoci shi ne mafi araha: fari ne yana ɗanye, ya washe idan ya bushe, amma yana motsewa, sai an yi shafi biyu ko uku marasa kauri. Gam mai haɗi biyu, wato efoksi, ya fi ƙarfi da sheƙi. Ana gauraya shi a hankali don kada kumfa ta shiga, wadda ta shiga kuma a fasa ta da allura. Aibinsa shi ne yana komawa ruwan ɗorawa idan ya daɗe a rana. Akwai kuma resin mai daskarewa da hasken rana ko fitila ta musamman, wanda ke ba maƙeri damar gyara ɗigon kafin ya fitar da shi waje. Jan farce marar launi ma yana yi, sai dai sinadarinsa na iya narkar da tawada ko ya ci wasu nau'o'in roba, shi ya sa ake fara gwada shi a kan guntun da ba a buƙata.

Babban abin gudu wajen liƙa gilashin roba shi ne sufa gulu. Tururinsa yana haɗuwa da danshin iska da shatin yatsa, ya bar farin hazo a kan robar, wanda goge shi ke da wuya. Matsalar ta fi tsanani a gari mai laima kamar Yawunde, mai damina biyu a shekara. Farin gam ne ya dace da liƙa gilashin, ɗan kaɗan a gefe-gefe. Sai dai yana ɗauke da ruwa, yakan sa tawadar da ke narkewa a ruwa ta malala, don haka bugun injin hoto mai garin tawada ya fi aminci.

Bayan an gama, ana kifa kofi a kan aikin har ya bushe, domin ƙurar da ta faɗa cikin ɗanyen gam ba ta fita. Efoksi da resin kuma a yi aiki da su a wuri mai iska, a kiyaye fata da ido, yara su yi aikin a gaban babba. Gilashi mai kyau bai dogara da tsadar kaya ba, ya dogara ne da daidaiton awo, da zaɓen gam, da haƙurin jiran bushewa.