KIFIN ƘANƘARA A POTISKUM: HATSARIN YANA KAN HANYA

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu, waɗanda suka daɗe ba su leƙo gida ba, za su tuna zamanin da kifi daga Arewa yake gangarawa Kudu. Motoci su yi lodin banda a Baga, bakin Tafkin Chadi, su biyo ta Maiduguri da Damaturu, su ya da zango a Potiskum, sa'an nan su nausa Jos har Anaca. To, yanzu akwai wani kifin da yake hawowa daga Kudu, watau kifin ƙanƙara, wanda mata suka fi sani da sukumbiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tafkin ya ja baya tun farin shekarun 1970 da 1980. Daga baya rikicin Boko Haram ya zo, aka auka wa Baga cikin Janairun 2015, masunta suka watse, cinikin banda ya daɗe a karye. Kifin Gashuwa da Nguru kuwa ba ya isar jama'a. Sai mai cefane ya koma wa na katan, wanda jiragen ruwa suke kawowa Apapa daga Holan da Norwe da Rasha da Muritaniya.

Shi wannan kifi ba shi da wani aibi muddin yana daskare. Amma daga Ikko zuwa Potiskum ya fi kilomita 1,000. Mota ta lalace a hanya, ko direba ya kashe injin sanyi don tsimin mai, ko kuwa kaya su iso a tarar an ɗauke wuta, ga zafin bazara irin na Yobe. Kifi ya narke, a sāke daskarar da shi, mai saye bai sani ba.

A nan ne hatsarin yake. Likitoci sun bayyana cewa sukumbiya da danginta, in suka sha ɗumi, wata guba tana taruwa cikin tsokarsu, kuma suya ko dafuwa ba ta kashe ta. Wanda ya ci, kafin awa guda ko biyu sai fuska ta yi ja, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, ga ciwon kai, wani har da amai da gudawa. Abin takaici, sau da yawa kifin ba ya ko wari.

Wajen ciniki ma ba a huta ba. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ƙayyade yawan kifin da za a shigo da shi. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kifi cikin kaya 41 da ya hana wa kuɗin musaya na gwamnati, bai janye ba sai Oktoban 2023, lokacin da Naira ta riga ta faɗi. Kowane mataki katan ƙara tsada yake yi. A ganina tsadar nan ita ce take sa ɗan tireda ya kasa zubar da kifin da ya narke, don jarinsa ke nan kaf. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba kaya a tashar jiragen ruwa, amma wa zai bi kowane teburi a kowace kasuwa?

Potiskum garin direbobin manyan motoci ne, kuma da yawa cikin masu karanta wannan shafi su ne suke ɗora kayan a Apapa. Saboda haka, direba, kada ka yarda ka ɗauki katan ɗin kifi a kan buɗaɗɗen lodi don an ba ka na goro. Mai aika wa iyali kuɗin cefane kuma ya gaya wa uwargida ta riƙa danna kifi da yatsa kafin ta biya. In tsokar ta lotsa ba ta dawo ba, ko cikin ya fashe, ko katan ɗin ya jiƙe da ruwan jini, ta bar shi ta nemi banda.