Mashigar Jibralta: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Idan gari ya waye tangaran, wanda ya tsaya a gaɓar tekun Maroko yana hango tsaunukan Sifaniya da idonsa. A inda mashigar Jibralta ta fi ƙunci, kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Turai. Kusancin nan shi ke ruɗar mutane.

Mu duba yadda masu ƙananan jiragen shaƙatawa, waɗanda iska ke turawa, suke ratsa wurin. Mutane ne masu taswira da rediyo da injin ko-ta-kwana, amma sai su share kwanaki a tashar Jibralta ko Tanja suna jiran iska ta yi daidai. Ruwan saman mashigar yana kwarara ne daga Atilantika zuwa Bahar Rum, domin zafin rana yana ƙafar da ruwan Bahar Rum fiye da abin da koguna ke zuba masa. To idan iskar gabas da ake kira Lebante ta taso ta yi karo da wannan kwarara, sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye, gajeru masu tsini, su riƙa dukan jirgi ba ƙaƙƙautawa. Da bazara kuma takan zo da hazo mai rufe ido.

Sai manyan jirage. Ɗaruruwa ne ke wucewa kullum: na man fetur, na kwantena, ga na fito masu kai-komo tsakanin Tarifa da Tanja, da Aljeciras da Ceuta. Saboda cunkoso aka tsaga musu hanya biyu, masu shiga Bahar Rum ta ɓangaren Maroko, masu fita ta ɓangaren Sifaniya. Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce mai son ƙetare irin wannan hanya ya yanke ta kai tsaye, kada ya karkace, kuma ƙaramin jirgi kada ya tare wa babba gaba. Ba son kai aka yi wa manya ba. Jirgin kwantena yana iya gudun kilomita 37 a awa, ƙaramin mai iska da ƙyar yake wuce 10. Wanda ka hango a nisan kilomita 10, cikin minti 16 yana kanka, kuma ko matuƙinsa ya gan ka, sai ya ci kilomitoci kafin ya iya tsayawa. Sau da yawa ma ba ya gani.

Nan ya kamata iyaye da matasanmu su buɗe kunne. Dillalan fataucin mutane kan nuna wa matashi fitilun Sifaniya da dare, su ɗora shi a kwale-kwalen roba, ba fitila ba rediyo, wanda da wuya na'urar hangen babban jirgi ta tsinkayo shi. Kuma hanyar da ƙwararru ke ɗari-ɗari da ita tsakar rana, ita za a bi da shi cikin duhu.

Tun 2020 wata sabuwar fitina ta ƙaru. Manyan dabbobin tekun nan, orka, sun shiga dukan allon da ke juya akalar ƙananan jirage har su karya shi. A watan Mayun 2024 sun nutsar da wani mai tsawon mita 15 a cikin mashigar, sai wani jirgin dakon mai ne ya tsamo mutum biyun da ke ciki. Hukumomin Sifaniya yanzu suna shawartar ƙananan jirage su bi kusa da gaɓa a watannin bazara, inda ruwa bai da zurfi.