Koyon Zanen Mutum da Fentin Mai ta Hanyar Kwaikwayon Hannun Gwani

A shekarar 1879, John Singer Sargent, matashi Ba'amurke mai koyon zane a Faris, ya tafi Madrid ya zauna a gidan adana zane-zane na Prado yana kwafar ayyukan Diego Velázquez, ciki har da Las Meninas na 1656. Malaminsa Carolus-Duran ne ya cusa masa ƙaunar wannan gwani. A 1880 kuma ya nufi Haarlem a ƙasar Holan, ya yi wa ayyukan Frans Hals irin wannan zama. Velázquez da Hals duka an san su da sakin hannu: wanda ya matsa kusa da zanensu zai ga shafe-shafen fenti kamar an yi su a gurguje, amma da ya ja da baya sai fuska da yatsu da ƙyallin tufafi su bayyana sarai.

A nan ne mai koyo yakan yi tuntuɓe. Yakan zaci aikinsa shi ne ya fitar da siffar kowane shafi, sai ya ɗauki siririn burushi yana lallaɓa abin da gwani ya gama da motsi ɗaya. Kwafin yakan yi kama da na asali, sai dai ba rai a cikinsa. Dalili kuwa, wahalar gwani tana faruwa ne kafin burushi ya taɓa kyalle: ya auna yawan haske ko duhun wurin, ya haɗa launin daidai, ya zaɓi faɗin burushi, sannan ya shafa sau ɗaya ya bari. Abin da ake kwafa ke nan, wato jerin shawarwarin da suka haifi shafin.

Yanayin fentin ma yana da nasa hukunci. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, saboda haka ana iya ɗora sabon shafi a kan ɗanye, gefunansu su narke cikin juna, kamar inda kunci ya shiga inuwa. Amma idan aka yawaita komawa wuri ɗaya, launuka sukan cakuɗe su zama laka. Shi ya sa Carolus-Duran ya horar da ɗalibansa su fara kafa matsakaicin launi, tsakanin haske da duhu, sannan su sa inuwa, ƙyallin goshi da na hanci su zo a ƙarshe da fenti mai kauri.

Akwai wani abu da kwafi ba ya nunawa, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. Sargent, bayan ya shahara, yakan kankare fuskar da ya wuni yana zanawa idan ba ta gamsar da shi ba, ya sake ta daga farko a zama na gaba, wani lokaci sau da yawa. Mai kallon zanen yana ganin yunƙurin ƙarshe ne kawai, waɗanda suka gabace shi wuƙar kankara ta tafi da su.