Kafin Ma'aikaci Ya Doshi Dillalin Gida

A da can, babban ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da aka yi wa canjin aiki zuwa Kaduna yakan tarar da gidan gwamnati yana jiransa. Tun daga shekarar 2003, lokacin da aka shigo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida da mota, aka kuma shiga sayar da gidajen, babba da ƙarami duk sun koma hannun dillalai. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, wadda galibi kashi 10 ce cikin 100 na kuɗin hayar shekara. Wanda ya je masa bai san abin da yake so ba, to, gidan da ya daɗe ba kowa a ciki shi za a fara nuna masa.

Saboda haka ya kamata magidanci ya zauna da iyalinsa tukuna, su rarrabe abin da ya zama dole da abin da yake na sha'awa kawai. Uwargida ce take wuni a gidan, ita ta san wahalar madafar da hayaƙi ba ya fita, da tsakar gidan da ba wurin shanya. Ciki da falo ya ishi ango da amarya, amma mai 'ya'ya maza da mata da suka tasa, ko mai tsohuwa a hannunsa, tilas ya ƙidaya ɗakuna, ya kuma duba ko makewayin na tarayya ne da sauran 'yan haya.

Babban abin da ke rudin mutane shi ne arahar unguwa mai nisa. Haya a Rigasa ta fi sauƙi bisa ga Unguwar Rimi ko Malali, wannan ba gardama. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Mai aiki a sakatariyar da ke Independence Way sai ya lissafa zuwa da dawowa na dukan ranakun aiki, ya haɗa da na 'yan makaranta, ya tara na wata 12, sa'an nan ya ɗora a kan kuɗin hayar. Sau da yawa a nan arahar take ɓacewa. Ga ƙaramin ma'aikaci, wanda mafi ƙarancin albashinsa aka tsayar a kan Naira 70,000 a 2024, wannan lissafi ba abin wasa ba ne.

Sai kuma ruwa. Famfo a bango ba shaida ba ce. Maƙwabta za a tambaya, kuma in an ga 'yan ga-ruwa suna kai da kawowa a layin, an sami amsa. Rijiyar da ta cika a watan Agusta tana iya ƙafewa a watan Afrilu. Gidan da aka gani da rani kuwa, musamman kusa da Kogin Kaduna, a dubi gindin bangonsa, domin sabon fenti yakan ɓoye alamar inda ambaliya ta tsaya.

Ɗalibai ma da ke kama ɗaki a Tudun Wada don kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, su tambaya ko mitar lantarki ɗaya ce ga dukan gidan, da kuma ko wanda ya tashi ya bar bashi a kanta.